Tsohuwar firinta mai faffaɗar waya da sabuwar laftof: akwai hanyar haɗa su?

Malam_TudunWada:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ni nake riƙe da ofishin wata makarantar Islamiyya a nan Tudun Wada ta Zariya, kuma takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai da wasiƙun iyaye duk da firinta ɗaya muke buga su, wato HP LaserJet 1100, wadda ta haura shekara 20 a hannunmu. Tsohuwar kwamfutar tebur da take haɗe da ita, mai Windows XP, ta mutu, kuma mai gyara ya ce babban allon cikinta ne ya ƙone, kuɗin gyaran ya fi ƙarfin darajarta. Wani daga cikin iyayen yara ya ba makaranta kyautar sabuwar laftof mai Windows 11, Allah ya saka masa da alheri, amma da na ɗauko wayar firintar zan jona sai na tarar babu ramin da zai karɓe ta. Kan wayar yana da faɗi, da allurai 25 a layi biyu, ita kuwa laftof ƙananan ramukan USB kaɗai gare ta. Firintar lafiyarta ƙalau, kuma jarrabawar ƙarshen zango saura mako uku. Shin akwai hanyar da za a haɗa su, ko kuwa dole ne mu nemi kuɗin sabuwa?

Ɗalibin_Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai hanya, kuma ba mai wahala ba ce. Ana sayar da waya ta musamman wadda kanta ɗaya USB ne, ɗaya kan kuma irin bakin tsofaffin firintoci. Idan aka tambayi masu kayan kwamfuta a PZ ko Sabon Gari, aka ce musu wayar da ke juya USB zuwa faralel, wato haɗin tsofaffin firintoci, ake so, za su gane abin da ake nufi.

MaiShago_Kwangila:
Malam, ranka ya daɗe, ni shawarata ta bambanta da ta wannan ɗan'uwa. Na shekara 11 ina sana'ar buga takardu, kuma abin da na gani shi ne tsohuwar na'ura idan ta fara neman dabara kafin ta yi aiki, to kuɗin da za ta ci a hankali yakan kusa kai na wata. Yau waya, gobe roba, jibi katirij, wato gidan tawada, da ba a samu a kusa. Da za ku tara abin da ya sawwaƙa ku sayi ko da ta hannu ce mai USB, irin su LaserJet 1020 ko 1320, da hankalinku ya fi kwanciya, musamman da jarrabawa take tafe.

Malam_TudunWada:
Na gode, Alhaji, kuma maganarka tana kan hanya. Sai dai makarantar da abin da iyaye suka bayar take tafiya, albashin malamai ma da ƙyar muke haɗa shi, don haka ba zan iya kai wa kwamiti maganar sayen firinta ba alhali wadda muke da ita tana aiki. Zan fara gwada hanyar wayar tukuna.

Injiniya_PZ:
Malam, kafin ka ba kowa kuɗi, ina roƙon ka juya firintar ka dubi ramin da ke bayanta da kyau. Abin da ɗalibinmu na Samaru ya faɗa gaskiya ne, amma akwai wani tarko a wannan samfurin da ya kamata a sani. Ƙa'idar da ta tsara irin wannan haɗi sunanta IEEE 1284, an fitar da ita a 1994, kuma baki iri uku ta tanada. Na farko shi ne mai allurai 25 da kake gani a ɓangaren kwamfuta. Na biyu shi ne babban baki mai haƙora 36, wanda ake kira Centronics, mai 'yan ƙarafa biyu a gefe da ake maƙale wayar da su, kuma shi ne a jikin yawancin tsofaffin firintoci. Na ukun shi ma haƙora 36 gare shi, amma ƙarami ne sosai, kuma shi ne a jikin LaserJet 1100. Wayoyin da suka fi yawa a kasuwa masu babban baki ne, saboda haka idan ka aika yaro ya ce wayar faralel kawai, da wuya a ba shi wadda za ta shiga taka.

Mafita mafi sauƙi ita ce kada ka rabu da tsohuwar wayar da ke hannunka. Ka nemi 'yar na'urar juyi wadda kanta ɗaya USB ne, ɗaya kan kuma ramuka 25 ne, wato irin ramin da ke bayan tsohuwar kwamfutarku. Sai ka cusa kan tsohuwar wayar a cikinta, ka ɗaure kusoshin gefe, ka kai USB ɗin jikin laftof. Ka tabbata mai ramuka ce, kuma an rubuta a kwalinta cewa ta firinta ce, domin akwai wata mai kama da ita wadda ake yi don wani tsohon haɗi daban mai suna siriyal, kuma wannan ba za ta yi maka komai ba ko da ta shiga.

Ɗalibin_Samaru:
Allah ya ƙara sani, Injiniya. Ban san da wannan ƙaramin bakin ba, domin duk waɗanda na taɓa gani masu babban baki ne. Malam, a bi maganarsa, a ajiye tawa.

Hajiya_Akanta_SabonGari:
Ina bin wannan magana da sha'awa, domin na sha irin wannan wahalar bara. A shagon kayan gini da nake riƙe wa lissafi muna amfani da Epson LX-300, irin mai allurai da ribon, wadda take buga rasit kwafi uku a lokaci ɗaya. Duk wanda ya ce mana mu jefar da ita bai san aikinmu ba, domin firinta mai tona, wato mai garin tawada irin ta Malam, ba ta dukan takarda, saboda haka ba za ta fitar da kwafin ƙasa ba, mu kuwa dole ne ɗaya ya tafi da mai saye, ɗaya ya je sito, ɗaya ya zauna a ofis. Wayar USB mai babban baki muka saya, kuma ta yi aiki, amma sai a ta biyu. Ta farkon kwamfuta ko alamar ganinta ba ta nuna ba. Don haka, Malam, ka yi sharaɗi da mai shagon tun kafin ka biya cewa idan ba ta yi ba za ka dawo da ita a canja maka, ko kuma ka ɗauki laftof ɗin ka je da ita a gwada a gabanka.

MaiGyara_Wusasa:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Waɗannan wayoyin ba waya ce zalla ba, akwai ƙaramin guntun lantarki a cikin kan nasu wanda yake fassara saƙon USB zuwa na faralel, kuma ingancin wannan guntun ya bambanta ƙwarai daga wannan zuwa wancan ko da kwalinsu iri ɗaya ne. Gwajin da za a yi a shago mai sauƙi ne. A buɗe Device Manager, wato wurin da Windows yake jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, a cusa wayar, a duba ko wani sabon layi zai bayyana mai suna USB Printing Support. Idan ya bayyana, kwamfuta ta karɓe ta. Idan abin da ya fito alamar gargaɗi ce mai ruwan ɗorawa, a mayar wa mai shago kayansa.

Dattijon_Gyallesu:
Ni tambaya zan yi wa masana, domin na yi aikin ofis shekaru masu yawa kafin na yi ritaya, kuma a zamaninmu kowace kwamfuta da wannan rami take zuwa. Mene ne laifinsa da aka daina sa shi?

Injiniya_PZ:
Baba, ba a same shi da wani laifi ba, zamani ne ya wuce shi. Ramin yana da girma, laftof kuwa kullum sirancewa take yi, sannan na'ura ɗaya kawai yake ɗauka, kuma ba a so a cire ko a cusa wayarsa alhali na'urorin suna kunne. USB ya fito a 1996, ya zo da rami ɗaya da zai karɓi firinta da linzami da allon rubutu da filashi, kuma ana cire shi a mayar ba tare da an kashe komai ba. A farkon shekarun 2000 firintoci da yawa da baki biyu suke zuwa, na faralel da na USB, kamar LaserJet 1200 da 1320, daga baya sai aka bar USB kaɗai. Ta Malam ta fito ne gab da wannan sauyin, shi ya sa baki ɗaya gare ta.

Malama_Kongo:
Ina ganin an tsaya a kan waya an manta da abin da ya fi ta ba da wahala, wato direba, manhajar da ke koya wa kwamfuta yaren firintar. Malam, idan faifan da ya zo da firintar yana nan, kada ka sa rai da shi, domin direbobin wancan zamani an yi su ne don Windows mai bit 32, shi kuwa Windows 11 mai bit 64 ne kaɗai, ba zai karɓe su ba. Haka kuma kada ka jira laftof ta gane firintar da kanta kamar yadda take gane filashi, domin sau da yawa wayar kawai take gani, ba ta san abin da ke ƙarshenta ba. Da hannu za a ƙara ta. A shiga wurin firintoci a cikin saituna, a ce a ƙara na'ura, a jira har rubutun ƙarawa da hannu ya fito, sannan a zaɓi ƙara firinta ta gida. Da aka zo wurin zaɓar rami kusan kowa yake kuskure, domin LPT1 ne yake fitowa a sama, kuma shi ne sunan tsohon ramin da laftof ɗinku ba ta da shi. Wanda za a zaɓa shi ne USB001. Daga nan jerin kamfanoni da samfura zai fito, kuma idan ba a ga sunan firintar ba, akwai maɓallin Windows Update a ƙasan jerin, a danna shi a yi haƙuri, domin yakan ɗauki mintoci masu yawa kafin ya sauko da cikakken jeri, kuma sai da intanet mai ƙarfi.

Ɗan_Palladan:
Me zai hana a nemi wata tsohuwar kwamfutar tebur mai XP a ajiye ta don firintar kawai? Ana samun su da araha. A yi rubutu a laftof, a ɗauka a filashi, a kai can a buga.

Malama_Kongo:
Hakan zai yi aiki, amma ban so a ba makaranta wannan shawarar ba. Tun watan Afrilun 2014 aka daina yi wa Windows XP gyaran tsaro, kuma filashin da ke kai da kawowa tsakanin kwamfutoci shi ne babbar hanyar da ƙwayar cuta take bi a garin nan, kamar yadda duk wanda ya taɓa kai aikinsa shagunan buga takardu na bakin jami'a ya sani. Sakamakon ɗalibai ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Ga kuma matsalar rubutun Larabci, wanda makarantar Islamiyya ba ta rabuwa da shi: takardar da aka tsara a sabuwar manhaja takan hargitse idan aka buɗe ta a tsohuwa, sai dai idan an mayar da ita PDF tukuna.

MaiGyara_Wusasa:
Idan har za a sayi kwamfutar tebur, to gara a sayi wadda ba ta tsufa sosai ba a sa mata kati. Akwai katin faralel da ake cusawa a ramin PCIe na cikin kwamfuta, kuma shi rami na gaskiya yake bayarwa, mai suna LPT, ba fassara ba. Wasu kwamfutocin ofis ma suna da wurin jona ramin a jikin allonsu, waya kawai ake ƙarawa. A gwajin da na yi a shagona, kati ya fi wayar USB kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Amma tun da laftof aka ba Malam, wannan hanyar a rufe take gare shi a yanzu.

Malam_TudunWada:
Jama'a, na dawo da bayani. Na bi maganar Injiniya, na duba bayan firintar, kuma ƙaramin bakin ne kamar yadda ya ce. Na shiga shaguna huɗu kafin na samu mai ramuka 25, kuma na je da laftof ɗin kamar yadda Hajiya ta ba da shawara, aka gwada a gabana, rubutun da Malam mai gyara ya ambata ya fito. Da muka dawo, wani tsohon ɗalibinmu ya taimaka mini muka zaɓi USB001, amma intanet ɗinmu bai iya sauko da jerin ba, sai ya sa wani direba da yake da shi a filashinsa wanda ya ce na kowace firintar HP ne. Firintar ta motsa, na yi hamdala, amma abin da ya fito ya tayar mini da hankali. Layi ɗaya ne na baƙaƙe da alamomi marasa ma'ana a saman takarda, sai ta ja wata, ta sake yin haka, ta ja wata, har sai da na kashe ta bayan ta ɓata mana takarda kusan 15. Shin wayar ce ba ta da kyau, ko kuwa firintar ce ta lalace?

Injiniya_PZ:
Malam, ka kwantar da hankalinka, wannan labari ne mai daɗi, domin ya nuna saƙo yana isa firintar, wato waya ta yi aikinta. Abin da ya rage saɓanin yare ne. Ka tambayi yaron, ina kyautata zaton direban da ya sa an rubuta PCL 6 a ƙarshen sunansa. LaserJet 1100 yaren PCL 5e take ji, shi kuwa PCL 6, duk da kamancin suna, gininsa daban ne gaba ɗaya. Idan aka aika mata da shi ba ta gane umarni ne ba, sai ta ɗauka rubutu ne ta yi ta bugawa, kuma duk inda ta ci karo da alamar da ta yi kama da ta sauya shafi sai ta ja sabuwar takarda.

Ga abin da za a yi bi da bi. Da farko a cire wayar, a share duk aikin da ke jira a layin bugawa na laftof, domin idan ba a share ba, da an kunna firintar za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sannan, wayar tana cire, ka kunna firintar, ka jira ta natsu, ka danna maɓallin jikinta sau ɗaya, za ta buga shafin gwajin kanta. Idan ya fito tsaf, ka san lafiyarta lau. Bayan haka a goge wancan direban, a nemi wuri mai intanet mai kyau a danna Windows Update kamar yadda Malama ta ce. Idan sunan 1100 ya fito a jerin, shi ke nan. Idan bai fito ba, a zaɓi wata LaserJet baƙa da fara wadda aka rubuta PCL 5 a sunanta, domin 'yan gida ɗaya ne, suna jin maganar juna.

Hajiya_Akanta_SabonGari:
Mu ma haka ta faru da mu, sai dai namu yaren daban ne, ESC/P ake ce masa, na Epson. Wani ƙarin abin da muka gano shi ne, tsohuwar manhajar lissafinmu LPT1 kawai ta sani, ba ta san da zaman USB001 ba. Sai da wani ya kunna wa firintar saitin rabawa, wato sharing, a kan kwamfutar, sannan ya ba da umarnin da ya sa duk abin da aka aika LPT1 yake zarcewa zuwa gare ta. Na faɗi wannan ne domin masu shaguna da ke karanta mu, amma Malam da yake rubutu da Word ba zai buƙace shi ba.

Ɗalibin_Samaru:
Ina so in ƙara wata hanya, ko da ba don yanzu ba. Tsarin Linux, wanda ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, misali Ubuntu, yana zuwa da direbobin tsofaffin firintoci masu yawan gaske a cikin tsarin bugawarsa da ake kira CUPS, kuma LaserJet masu PCL 5 suna cikin waɗanda ya fi sani. Za a iya ɗaukar wata tsohuwar laftof da aka yar, ko ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, a haɗa ta da firintar, sai ta riƙa karɓar aiki daga kowace kwamfuta ko wayar hannu da ke kan wayifai ɗaya. Malamai za su iya aiko da tambayoyinsu kai tsaye.

MaiShago_Kwangila:
Ɗalibi, ilminka yana da kyau, amma ka tuna wanda zai zauna da abin bayan ka tafi. Ranar da ya tsaya ana gobe jarrabawa, wa Malam zai kira a Tudun Wada da ya san Linux? Ni har yanzu ina kan bakana. Ga shi an riga an kashe kuɗin waya, da kuɗin mota zuwa shaguna huɗu, da takarda 15, kuma ba a buga ko shafi ɗaya na jarrabawa ba.

Dattijon_Gyallesu:
Alhaji, ka yi haƙuri in saɓa maka kaɗan. Na'urar da ta yi shekara 20 tana aiki ta riga ta nuna irin ƙarfen da aka yi ta da shi, ita kuwa ta hannu da kake cewa a saya, ba wanda ya san wahalar da ta sha a inda ta fito. Kuma dukiyar makaranta amana ce, wanda aka ba riƙonta ba ya jefar da abin da ke da sauran amfani don kawai ya huta. Malam ya yi daidai da ya fara da ƙaramin kashi.

MaiGyara_Wusasa:
Tun da an ambaci ta hannu, bari in ja kunnen duk mai niyyar saye. A duba takardar da ke manne a bayanta a ga ƙarfin wutar da aka rubuta. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka na wuta 110 zuwa 127 ne, tamu kuwa 230 ce, kuma firinta mai tona ba kamar cajar laftof take ba da ke karɓar kowace wuta. An sha kawo mini waɗanda aka jona kai tsaye suka ƙone nan take. Sannan kowace iri ce, kada a ɗora ta a kan ƙaramin UPS ko ƙaramar inbata, domin abin da ke gasa tona a jikin takarda yana jan wuta mai yawa a lokacin da yake ɗaukar zafi. Idan janareta ƙarami ne, za a ji muryarsa ta sauya da zarar ta fara aiki, kuma wannan faɗuwar wutar kan sa aiki ya yanke a tsakiya, a ɗora wa waya laifin da ba nata ba.

Malam_TudunWada:
Alhamdu lillahi, an samu ci gaba. Yaron ya tabbatar PCL 6 ne ya sa. Shafin gwajin firintar ya fito tsaf, kuma jiya na kai laftof ɗin gidan wani ɗan'uwa a Hanwa mai intanet mai ƙarfi, jerin ya sauko bayan doguwar jira, muka zaɓi direba mai PCL 5. Yau da safe na buga takardar Fiƙihu ta aji uku, Hausa da Larabci duk sun fito daidai, har wasullan. Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai dai abu biyu sun rage. Na ɗaya, da na rufe laftof na je sallar azahar na dawo, na aika aiki ya ƙi fita, sai da na kashe komai na sake kunnawa. Na biyu, takan ja takarda uku ko huɗu a haɗe, ko da yake wannan tsohon halinta ne tun kafin a canja kwamfuta, da ɗaiɗai nake ba ta.

Malama_Kongo:
Barka, Malam, na ji daɗin wannan labari. Matsalar farko sananniya ce. Laftof tana rage wa ramukan USB wuta idan ta yi barci don ta adana batir, kuma wasu wayoyin juyi ba sa farkawa tare da ita. Kafin ka kashe komai, gwada zare USB ɗin ka mayar. Domin maganin dindindin, a shiga Device Manager, a buɗe kowane layi na USB Root Hub, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tanadin wuta. A shafin ramuka na saitin firintar kuma akwai wani akwati na sadarwa ta ɓangare biyu, a cire alamarsa idan aiki yana maƙalewa, domin kwamfuta takan tsaya jiran amsar da wayar ba ta iya kawowa. Kuma ka riƙe rami ɗaya a jikin laftof ka sa masa alama, saboda idan ka sauya rami, Windows yakan buɗe USB002, firintar kuwa tana can tana jira a USB001.

MaiGyara_Wusasa:
Jan takarda da yawa kuwa ba ruwansa da kwamfuta. Akwai 'yar roba a ƙasan inda takarda ke shiga, aikinta ta riƙe na baya ta saki ta gaba kaɗai, kuma idan ta tsufa takan yi santsi ta daina riƙewa. Ƙurar hunturu tana ƙara mata santsi, damina kuma tana sa takardu su manne da juna. A goge ta da robar da ke jan takarda da tsumma mai ɗan danshi, a bari su bushe, a kuma riƙa karkaɗa takarda kafin a zuba. Idan bai daina ba, sai an canja robar, kuma aikin yana buƙatar a kwance na'urar. Katirij ɗinta 92A ne, idan ka samu mai kyau ka riƙe kwankonsa, domin ana sake cika shi.

MaiShago_Kwangila:
Na taya ka murna, Malam, kuma na yarda wayar ta yi abin da ban zata ba. Amma ɗalibai nawa gare ku? Wannan firintar shafi 8 take fitarwa a minti idan komai yana tafiya daidai, kai kuma da ɗaiɗai kake ba ta takarda. Shawarata ita ce ka buga asali ɗaya na kowace jarrabawa da ita, ka kai a yi maka hoto a injin kwafi, kada ka ɗora mata nauyin ɗaruruwan shafuka a mako ɗaya. Kuma ko bayan jarrabawa ne, a fara ajiye wani abu domin wadda za ta gaje ta.

Injiniya_PZ:
A kan maganar kwafi ina tare da Alhaji. A kan gado kuwa ban ga abin gaggawa ba, muddin ana samun katirij da roba. Abin da zan ƙara shi ne, Malam, ka sa yaron ya rubuta maka sunan direban da ya yi aiki, harafi da harafi, a takarda, ka manna ta a jikin firintar, domin ranar da aka sake wa laftof ɗin Windows za a koma neman sa daga farko.

Malam_TudunWada:
Na rubuta sunan na manna, Injiniya. Ɗalibanmu sun kai 300, don haka zan bi shawarar Alhaji a kan injin kwafi. Na goge robar kamar yadda aka ce, yanzu takan ja biyu maimakon huɗu. Saitin da Malama ta bayyana ban iya gano shi ni kaɗai ba, ina jiran yaron ya zo ranar Asabar, kafin nan ina zare wayar in mayar, kuma hakan yana tashin ta.

UwarGida_Danmagaji:
Assalamu alaikum, ku gafarce ni da na shigo a makare. Na karanta duk abin da aka tattauna, kuma ina da makamanciyar matsalar, sai dai tawa LaserJet 1018 ce, mai USB tun asali, wayarta tana shiga sabuwar kwamfutar ba tare da wata dabara ba. Na gwada direba mai PCL 5 kamar yadda aka gaya wa Malam, amma ko motsi ba ta yi ba. Ina kuskuren yake?

Injiniya_PZ:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Taki ba 'yar gidan su ta Malam ba ce, duk da kusancin lambobinsu. Ita 1018, da 'yar'uwarta 1020, ba sa jin PCL ko kaɗan, kwamfuta ce take tsara musu shafin gaba ɗaya ta aiko, har wani ɓangare na manhajar cikinsu ma daga kwamfuta yake zuwa duk lokacin da aka kunna su, don haka ba sa karɓar aron direba, sai nasu na kansu mai bit 64. Ki faɗa mana wane Windows ne a kwamfutar, kuma wace fitila ce take kunnuwa a jikin firintar idan kin aika aiki.